Hanyar Keke ta Kogin Luwar: Yadda Garuruwan Bakin Kogi a Faransa Suka Dawo da Baƙi Kasuwanninsu

Ga bayanin shirinmu na wannan mako a rubuce, domin wanda yake daji da dabbobi ko yake kan hanya da kaya a lokacin da muka watsa shi. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Yau Faransa za mu, kuma maganar hanya da kasuwa ce za ta kai mu. Duk wanda ya daɗe yana fatauci ya san abin da ke samun gari idan aka kauce masa da titi, ko aka rufe mashigar da yake ci da ita. Mai shayi ne ke fara tashi, sai mai faci, sai mai masauki, kafin ka ankara rumfuna sun zama wurin kwanan awaki. To, irin wannan ta taɓa samun garuruwan da ke bakin wani kogi a Faransa. Abin da ya dawo wa da yawansu da baƙi kuwa shi ne keke, wannan dai keken da ka sani mai ƙafa biyu.

Kogin da hanyar

Sunan kogin Luwar, Faransawa suna rubuta shi Loire. Shi ne kogi mafi tsawo a ƙasar, ya ɗan haura kilomita 1,000, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon kogin Kwara. Yana tasowa daga duwatsun kudu maso gabas, ya nufi arewa har birnin Orléans, daga nan ya karya yamma, ya bi ta Blois, Amboise, Tours, Saumur, ya wuce kusa da Angers, ya ratsa Nantes, sannan ya faɗa tekun Atlantika.

A gefen wannan kogi aka shimfiɗa hanyar da suke kira La Loire à Vélo, ma'ana Luwar a kan keke. Ta fara daga wani ƙauye mai suna Cuffy kusa da birnin Nevers, ta ƙare a Saint-Brevin-les-Pins a bakin teku. Idan aka haɗa da rassanta, tsawonta ya kai kimanin kilomita 900. Wani ɓangarenta na masu keke ne da masu tafiya a ƙasa kawai, mota ba ta shiga. Wani ɓangaren kuma ƙananan titunan ƙauye ne da mota ba ta cika bi ba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, hawa kaɗan ne, shi ya sa za ka ga tsoho da tsohuwa, ka ga miji da mata da yara, kowa da jakunkuna biyu rataye a kariyar kekensa. Sama da mutum miliyan ɗaya ne ke hawa wannan hanya a shekara, wasu na yini ɗaya, wasu na mako biyu. Ita kanta yanki ce ta wata doguwar hanyar keke mai suna EuroVelo 6, wadda ta tashi daga Atlantika ta ratsa ƙasashen Turai har Bahar Aswad a Romaniya.

Kafin keke, jiragen gishiri

Me ya tara garuruwa masu tarihi haka a bakin kogi ɗaya? Fatauci ne. Shekaru ɗaruruwa Luwar ce babbar hanyar kaya a tsakiyar Faransa. Daga Nantes zuwa Orléans kogin ya miƙe ne tsakanin yamma da gabas, iskar yankin kuma galibi daga teku take busowa. Saboda haka jirage masu shimfiɗaɗɗen gindi sukan ɗaga babban ƙyalle, iska ta tura su sama ko da yake ruwa yana gangarowa. Idan za su dawo, ruwan ne ke kawo su. Suna hawa da gishirin da ake tattarawa a fadamun Guérande na bakin teku, da kifi, da sukari. Suna gangarowa da itace, da gawayin ƙasa, da tukwane. Dutsen gini da ruwan inabi kuwa ko'ina ana kai su.

Kamar kowace hanyar fatake, ita ma ta sha fama da masu karɓar kuɗin hanya. Kusan kowane basarake da ke da gaɓa ko gada sai ya kafa nasa shinge. Da abin ya ishi 'yan kasuwa, sai suka haɗa kai suka kafa ƙungiya tun ƙarni na 14, hedikwatarta a Orléans. Suna tara kuɗi daga kan kayan da ke wucewa, da shi suke share hanyar ruwa, su kafa sanduna masu nuna inda zurfi yake, su kuma kai ƙarar duk wanda ya ƙirƙiro harajin da ba ya bisa ƙa'ida. Ƙungiyar ta yi kusan shekaru 400 tana wannan aiki.

Akwai wani ƙaramin gari a kan hanyar, tsakanin Angers da Nantes, mai suna Ingrandes. Ɗan kasuwar kan iyaka, wannan labarinka ne. A zamanin sarakuna, nan ne iyakar lardin Anjou da lardin Bretagne. Sarki ya ɗora haraji mai nauyi a kan gishiri, wanda suke kira gabelle, har da tilasta wa kowane gida sayen wani adadi a shekara daga rumbun hukuma. Amma Bretagne ba ta biyan wannan haraji. Sai ya zama gishiri ɗaya, a wannan gefen titi da araha, a wancan gefen kuɗinsa ya ninka sau 20 ko fiye. Ka san abin da zai biyo baya. Maza da mata da yara suka shiga fasa-ƙwaurin gishiri, a wasu wuraren iyakar har karnuka ake koya wa ɗaukar ƙunshi su tsallaka da dare. Wanda aka kama, ana iya tura shi tuƙin jiragen yaƙin sarki na shekaru. Duk da haka ba a daina ba, sai da juyin juya hali ya soke harajin a 1790. Abin lura a nan shi ne, tsananin hukunci bai kashe sana'ar ba, ranar da farashin gefe biyu ya daidaita ta mutu da kanta. Yau mai keke yana wuce wurin ba wanda zai ce masa tsaya.

Ranar da kogin ya yi shiru

Abin da ya karya fataucin Luwar shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Orléans daga Paris a 1843, ya kai Tours a 1846, ya kai Nantes a 1851. Jirgin ƙasa ba ya jiran iska, ba ya tsayawa don ruwa ya ja baya da rani. Cikin 'yan shekaru masu jiragen ruwa suka rasa lodi, matsayar jirage ta koma wurin da ciyawa ke tsirowa tsakanin duwatsu. Daga baya manyan titunan mota suka zo, su ma suka bi ta bayan ƙananan garuruwan.

Sai a 1995 jihohi biyu da kogin ya ratsa, wato Centre da Pays de la Loire, suka haɗu a kan shirin hanyar keke. Ba daga farko suka ƙirƙiri komai ba. Tun ɗaruruwan shekaru ana tayar da jingar ƙasa mai tsayi a gefen kogin don tare ambaliya, musamman ma an ƙarfafa ta bayan manyan ambaliyoyin 1846, 1856 da 1866. A kan wannan jinga, da tsofaffin hanyoyin bakin ruwa, aka ɗora sassa da yawa na hanyar. A shekarar 2000 kuma hukumar UNESCO ta sanya kwarin Luwar, kimanin kilomita 280 daga Sully-sur-Loire zuwa Chalonnes, cikin wuraren tarihi na duniya. Wannan ya ƙara jawo idon baƙi.

Lissafin mai keke

To, me keke zai kawo wa gari wanda mota ba ta kawo ba? Mu yi lissafi irin na kasuwa. Mai mota da ya tashi daga Orléans zai kai Nantes cikin awa 3 zuwa 4 a babban titi. Iyakarsa ya sha mai, ya sayi abin taɓawa a tasha, shi ke nan. Mai keke da ke cin kilomita 50 a yini kuwa, tafiyar nan mako guda za ta ɗauke shi. Kwana 7 ke nan a masauki daban-daban, abincin safe da na rana da na dare a garuruwa daban-daban. Ba shi da wurin ɗaukar guzuri mai yawa, dole kullum ya sayi burodi, ya sayi 'ya'yan itace, ya cika gorar ruwa. Taya za ta yi faci, birki zai buƙaci gyara. Kuɗinsa ba a babban birni kaɗai yake zubewa ba, yana ɗiga ne a kowane zango, kamar yadda ayarin fatake yake barin wani abu a duk garin da ya sauke kaya.

Amma fa baƙo ba ya tsayawa haka kawai. Akwai abubuwan da aka tanadar masa. Na farko alamomi: a kowace mararraba akwai allo mai hoton keke da sunan gari na gaba da yawan kilomita, ko ba ka jin Faransanci ba za ka ɓata ba. Na biyu, akwai wata shaida mai suna Accueil Vélo da ake bai wa masauki, ko gidan abinci, ko shagon haya da gyaran keke. Kafin ka samu, sai wurinka bai wuce kilomita 5 daga hanyar ba, mai masauki kuma sai yana da wurin kulle kekuna da kayan gyara. Baƙo yana ganin tambarin ya san abin da zai tarar. Na uku, da bazara akwai jiragen ƙasa masu wurin ɗaukar kekuna da ke bin kwarin, wanda ya gaji ya shiga da kekensa. Ka ga ikon Allah, jirgin da ya kashe hanyar jiya shi ne yake kawo mata mutane yau. Akwai kuma masu hayar keke da za ka ɗauka a wannan gari ka ajiye a wancan, da masu kai maka jaka masauki na gaba da mota. Duk sana'o'i ne da hanyar ta haifar.

Ranar kasuwa

Kamar a nan, kowane gari da ranar kasuwarsa, kuma masu keke suna tsara tafiyarsu a kai. Kasuwar Amboise tana ci Juma'a da Lahadi a bakin kogi, ta Lahadi ce babba. Ta Saumur ranar Asabar. Bambancin shi ne da safe suke ci, wajen ƙarfe 1 na rana an fara naɗe rumfuna, an share fili.

Tsarin ma abin dubawa ne. Filin na hukumar gari ne. Akwai ma'aikacin da ke raba wuri, kamar sarkin kasuwa, ana biyan kuɗin wuri gwargwadon tsawon teburinka. Doka ta ce a rubuta farashi a fili, kayan lambu kuma a rubuta ƙasar da suka fito. Saboda haka baƙon da ya zo daga Jamus ko Ingila yana biyan abin da ɗan gari ya biya. Wannan ne yake sa ya saki jiki ya saya, ya kuma gaya wa wani. Ga Musulmin da ya je, sai ya riƙa tambaya, domin yankin ya yi suna a giyar inabi, kuma wasu abincin gargajiyarsu na naman alade ne.

Cukun akuya mai suna

Makiyaya, ga naku. Cikin abubuwan da aka fi nema a waɗannan kasuwanni akwai cukun nonon akuya. Kusa da garin Sancerre ana yin wani ɗan dunƙule mai suna Crottin de Chavignol. A kudancin Tours kuma ana yin wani dogo kamar guntun rake, ana birgima shi a tokar gawayi da gishiri, sunansa Sainte-Maure de Touraine. Tun 1990 doka ta kare wannan suna: ba mai sayar da cuku da shi sai wanda ya yi shi a yankin, da nonon awakin yankin, bisa ƙa'idar da aka rubuta. A tsakiyar kowane ɗaya akwai tsinken karan hatsi da ke riƙe shi kada ya karye, a jikin tsinken an buga lambar wanda ya yi shi. In ya yi kyau an san mai shi, in ya lalace ma an san ƙofar da za a buga.

Amfanin haka shi ne nono ba ya fita a matsayin nono kawai da kowa zai taya yadda ya ga dama. Yana fita da sunan gari, kuma sunan ne ake biya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wajenmu: albasar Galmi da kilishin Nijar sun samu irin wannan rijistar suna a hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Aikin da ke biye da rijista shi ne kiyaye inganci, don sunan da ba a tsare ba kowa na iya ɓata shi.

Dabbobi ma suna da aiki a bakin kogin. Idan aka bar gaɓar Luwar ba kiwo, sarƙaƙiya da itatuwa ke cinye ta, su tare wa ruwa hanya lokacin ambaliya. Shi ya sa a wasu sassa masu kula da muhalli suke ƙulla yarjejeniya da makiyaya su kawo tumaki su yi kiwo a wurin, an san lokacin shiga, an san iyakar fili. A fadamun arewacin Angers kuma, waɗanda ruwa ke shafewa da hunturu, shanu ne ke kiwo idan ya janye. Wato a can ana lissafa makiyayi cikin masu gyaran kogi.

Gidajen tarihi

Abin da ya fi kawo baƙi dai shi ne gidajen sarauta. A ƙarni na 15 da na 16 sarakunan Faransa sun fi zama a wannan kwari, fadawa da attajirai suka bi su suka yi ta gini da wani farin dutse mai laushi da ake haƙowa a gefen kogin. Kogunan da haƙar ta bari a wajen Saumur ba su zama banza ba. Mutane sun mai da wasu gidajen zama, wasu ana noman naman kaza a ciki saboda sanyinsu ba ya canzawa rani da hunturu. Akwai inda hanyar keken ta ratsa ta cikin irin waɗannan koguna.

Mafi girma cikin gidajen shi ne Chambord, wanda Sarki François na Ɗaya ya fara a 1519. Ɗakunansa sun haura 400, katangar da ta kewaye dajinsa kilomita 32 ce. A tsakiyarsa akwai matakala biyu da suka nannaɗe juna, mai hawa da mai sauka ba sa haɗuwa. Duk da wannan dukiya, kwanakin da sarkin ya yi a ciki ba su kai wata uku ba.

Sai Chenonceau, wanda aka gina a kan kogin Cher, reshen Luwar. Wani dogon zaure ne mai tsawon mita 60 a bisa gada, ƙofa ɗaya a wannan gaɓa, ɗaya a waccan. A yaƙin duniya na farko an mai da shi asibiti, aka yi jinyar sojoji fiye da 2,000. A yaƙi na biyu, daga 1940, Jamus ta raba Faransa biyu, kogin Cher ya zama iyaka a wannan wuri. Sai ya kasance ƙofar shiga tana ɓangaren da Jamus ta mamaye, ƙofar fita tana ɗaya ɓangaren. Ta cikin zauren nan aka riƙa tsallakar da masu gudun ceton rai a ɓoye.

A Amboise akwai gidan Clos Lucé, inda Leonardo da Vinci, mai zane kuma mai ƙirƙira ɗan Italiya, ya ƙare rayuwarsa a 1519. A fadar garin kuma aka tsare Amir Abdulƙadir, jagoran da ya yi shekaru yana yaƙar mamayar Faransa a Aljeriya. Ya ajiye makami a 1847 bisa alkawarin za a bar shi ya tafi ƙasashen gabas, aka saɓa alkawarin, aka riƙe shi a Amboise da iyalinsa da mabiyansa daga 1848 zuwa 1852. Mutum 25 daga cikinsu a nan suka rasu, kaburburansu suna cikin lambun fadar har yau. Allah ya jiƙansu.

Idan ka iso Nantes, kyawawan gidajen attajiran bakin ruwa suna da nasu labarin mai ɗaci. Nantes ce tashar Faransa da ta fi kowace cinikin bayi. Jiragenta sun yi sawu fiye da 1,700, suka kwashe 'yan Afirka sama da 450,000 zuwa ƙetaren Atlantika. Faransa ta haramta bauta kwata-kwata a 1848. A 2012 birnin ya buɗe wurin tunawa a bakin kogin, inda aka jera sunayen jiragen a daɓen ƙasa, mai wucewa yana karantawa.

Inda gizo ke saƙa

Kada ka ɗauka komai zuma ne. Sana'ar ta lokaci ce: daga wajen Afrilu zuwa Oktoba ake ciniki, da sanyi ya shigo masaukai da yawa rufewa suke, sai a ci abin da aka tara. Ambaliya takan rufe wasu sassan hanyar. A shekarar fari irin 2022, kogin ya ja baya har yashi ya bayyana a wurare da dama. Garin da ke kan hanyar yana samu, wanda ke nesa da ita kaɗan yana kallo. Kuma hanyar ba ta gyara kanta, kuɗin hukuma ne ke riƙe da kwalta da alamomi duk shekara. Uwa uba, duk wannan ya tsaya ne a kan tsaro. Ba mai ɗora 'ya'yansa a keke ya shiga hanyar da yake tsoron a tare shi.

Don haka ba muna cewa gobe a shimfiɗa hanyar 'yan yawon buɗe ido a kan iyakarmu ba ne. Ƙasa da ƙasa ta bambanta. Tambayar da muke bar muku ita ce wadda mutanen Luwar suka yi wa kansu: mene ne zai sa mai wucewa ya tsaya a garinmu, ya kwana, ya kuma dawo? Amsarsu ita ce hanya mai aminci da alama, masaukin da za a amince a bar kaya a cikinsa, ranar kasuwa sananniya da farashi ɗaya ga kowa, da haja mai ɗauke da sunan mai ita. Ku duba kasuwarku da karar dabbobinku, wanne kuke da shi a ciki, wanne ya rage, kuma wanne ne ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta makiyaya za ta iya farawa ba tare da jiran kowa ba?

Ku tattauna a majalisa da mashaya, ku aiko mana da ra'ayoyinku, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa, ya albarkaci garke. Mu kwana lafiya.